Keken zuwa shago: daga Jambutu zuwa kasuwar Garwa

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na gama shawara, keke zan saya in huta da hawa kilando, wato babur ɗin haya. Daga unguwarmu Jambutu zuwa bakin babbar kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, sefa 300 nake biya, dawowa 300, in dare ya yi a ce 400. A wata abin yana tasam ma 15,000. Ban ga laifin masu baburan ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ya daina araha, a gidan mai kuma lita ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024.

Kawu ya ce in ɗauki Phoenix ɗinsa tunda gwiwa ta hana shi hawa. Na gode masa, na kuma ɗana shi. Keke ne na gaske, jikokinsa ma za su gada, amma giya ɗaya ce, kuma ɗaga shi a tsallake dakalin zaurenmu safe da yamma aiki ne mai zaman kansa. Ni mara nauyi nake so, irin na tsere mai siririyar taya, sai dai ya zama wanda zai iya da hanyarmu: yawancinta kwalta ce mai ramuka, ƙarshenta kuma burji da rairayi. Na ware sefa 100,000, har da gyara.

Talata, 12 ga Nuwamba

Uwargida ta ara mini tef ɗin ɗinki. Na jingina da bango ba takalmi, na matse littafi a tsakanin cinyoyi, ta auna daga ƙasa zuwa saman littafin: santimita 82. A keken tsere irin na da, mai miƙaƙƙiyar sanda, ana ninka wannan da 0.66 a sami girman bodi. Nawa ya kama 54. Na rubuta a bayan hannu kafin in sami takarda.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yinin yau a wajen masu kayan gwanjo na Turai ya ƙare. Na tafi da Baba mai gyaran keke na bakin layinmu, wanda tun ina yaro yake wannan sana'a. Ya zo da abu biyu a aljihu: mayen ƙarfe da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, da wani guntun zare. Ni kuma na aro sikelin ratayewa a wurin maƙwabcin shagona mai awon gyaɗa, don na gaji da jin "ba shi da nauyi ko kaɗan" daga bakin masu sayarwa.

Na farko sabo ne dal, na Sin, ja, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, an rubuta sunaye masu yawa a jikinsa. Sefa 85,000. Baba ya manna mayen ƙarfe a bodi, ya kama. Ya manna a rim, ya kama. A kan keken, a sandar sirdi, a hannun feda, ko'ina kamawa yake. Sikeli ya nuna kilo 16. Siffar tsere ce kawai aka yi masa.

Na biyu B'Twin Triban ne na alminiyam, giyar Shimano mai takwas a baya, fok ɗin da ke riƙe ƙafar gaba kuma na kabon. Kilo 10 da rabi. Raina ya biya ƙwarai, na hau na zaga, kai ka ce iska ke tura ni. Mai kaya ya tsaya a 120,000. Baba bai ce komai ba sai da muka matsa gefe. Ya ce, "Ɗana, in wannan ya tsage, wa zai ɗinke maka a garin nan? Ƙarfe ko mai waldar gas na bayan tasha zai kama shi da tagulla. Alminiyam sai inji na musamman, kuma bayan walda wajen yakan yi laushi. Wannan baƙin na gaba kuwa in ya fashe sai jefarwa." Ya kuma tura ɗan yatsa tsakanin taya da birki, bai shiga ba. Taya mai faɗin milimita 25 ce a kai, da ƙyar 28 za ta zauna.

Na uku ya fi duka kyau a ido, tsohon keken tsere na Italiya. Baba ya murza tayar da babban yatsa ya ce mu wuce. Ashe irin tayar nan ce da aka ɗinke tiyub a cikinta aka manna ta a rim da gam. Ranar da ta yi faci babu mai taɓa maka ita.

Na huɗu yana jingine a bayan wasu firji: tsohon Peugeot fari, fentin ya koɗe, giya biyu a gaba biyar a baya, sandunan canja giya a jikin bodi. Mayen ƙarfe ya kama bodi amma ya ƙi kama rim, wato rim ɗin alminiyam ne, kuma wannan ne ya sa Baba ya gyara tsayuwa. Ya ƙirga sifok, 36 kowace ƙafa. Ya ɗaura zaren nan daga gindin baya ya zagayo ta wuyan keken ya komo, ya auna tazarar zaren da sandar tsakiya dama da hagu, don ya ga ko bodin ya taɓa karkacewa. Daidai yake. Ya shafa ƙarƙashin wuya yana neman ƙullutu ko tsagar fenti, alamar an taɓa yin karo da shi. Babu. Girma 54, sikeli kilo 12. An ce 65,000. Ba mu taya ba, muka tafi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na kwana ina juya kilo ɗaya da rabin da ke tsakanin Triban da Peugeot. Sai na yi lissafi a bayan rasit. Ni kilo 72 ne, jaka da ruwa da kwaɗo a ce 5, keke 12, duka 89. Kilo ɗaya da rabi a cikin wannan bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Masu tseren duniya ma hukumarsu ta UCI ta yanke musu tun shekarar 2000 cewa keke kada ya gaza kilo 6.8, kuma su duwatsu suke hawa, da mota a bayansu ɗauke da ƙafafun canji. Hanyata ba ta da wani tudun a zo a gani. Bambancin da jiki ke ji shi ne tsakanin Phoenix ɗin Kawu, wanda ya ba ni kilo 21 a sikelin, da kilo 12. Daga 12 zuwa ƙasa kuwa kowane kilo da tsada ake sayensa, kuma ƙwari ake ragewa a biya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An yi ciniki. Na fara daga 40,000, ya rantse da Fillanci ya rantse da Faransanci, muka ƙare a 50,000. Na turo shi da ƙafa har wurin Baba don tayoyin sun bushe, iska ba ta zama.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Baba ya warware shi gaba ɗaya a kan buhu. Giris ɗin ciki ya daskare ya zama ƙasa. An wanke boris da kananzir, an sa sabon giris. Sarƙa ta miƙe, an sa sabuwa, 3,500. Robobin birki da wayoyi, 3,000.

Matsalar yau feda ce. Ta dama ta lanƙwashe, in kana tuƙi kana jin ƙafarka tana rawa. Yaron Baba ya sayo sababbi a kasuwa, aka fara ɗaurawa, ta shiga kaɗan ta cije. Yaron ya ɗauko sifana zai danna da ƙarfi, Baba ya daka masa tsawa. Ya goge gindin tsohuwar fedar ya nuna mana harafin D, ɗayar kuma G. Ya ce duk fedar da ka ga D da G maimakon R da L, ka yi hattara, zaren Faransa ne, wato yankan noti irin nasu: kaurinsa milimita 14, na sauran duniya kuma ya ɗara shi da ɗan kaɗan, abin da ido ba ya gani amma ya isa ya cinye zaren hannun feda. Tsofaffin kekunan Faransa, Peugeot da Motobécane da Gitane na wancan zamani, haka suke da awonsu na kansu, har a wuyan keke, inda nasu yake milimita 22 cif, na saura 22.2. Ana iya sake yanka zaren, amma sai da ƙarfen yanka guda biyu, na dama da na hagu, shi kuwa ba shi da na hagun.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara cike da tarkace. Ya zazzage, ya tona, ya fito da feda biyu masu D da G, tsatsa ta rufe su amma a miƙe suke. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa kekunan Faransa sun cika garin nan, shi kuma ba ya zubar da ƙarfe. 2,500 ya karɓa. An mayar da sababbin kasuwa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

An daidaita sirdi: tsawon ƙafa sau 0.883, ya ba da kusan santimita 72 daga tsakiyar gindin hannun feda zuwa saman sirdi. An ɗaga kan keken iya layin da aka yi masa alama, don ban shirya tuƙi a duƙe ba. Kuɗin aikin Baba 5,000.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Taya. A nan aikin ya tsaya.

Na aiki yaron Baba ya nemo taya, na ce masa lamba 28 kamar yadda aka rubuta a jikin tsohuwar. Ya dawo da guda biyu sababbi, mai kanti ya tabbatar masa 28 ce. Aka ɗora a rim, sai ga ta tana lilo, hannu yana shiga tsakani. Muka duba ƙananan lambobin da ke gefe. A tsohuwar tayar an rubuta 23-622, a sabuwar 40-635. Lamba ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma faɗin bakin rim, duk a milimita. Ta Phoenix da Raleigh irin na iyayenmu 635 ce, ta keken tsere 622, wadda ake kira 700C, amma dukansu ana buga musu 28. Tazarar milimita 13 ce, kuma babu dabarar da za ta sa ɗaya ta zauna a mazaunin ɗaya. Akwai ma ta uku mai rikita mutane, 630, wadda ake ce wa 27, alhali ta fi 622 girma.

Na zaga kasuwa da kaina da yamma. 635 ko'ina, 559 ta kekunan dutse ko'ina, ƙananan na yara ba a magana. 622 sai wuri ɗaya na gani, siririya mai faɗin 23, robar kamar leda. Ban saya ba. Mai kantin farko ya karɓi kayansa bayan doguwar magana.

Wanda duk zai sayi keken tsere a arewacin ƙasar nan, ya fara zuwa layin masu taya kafin ya je wurin masu keke. Nauyin bodi a sikeli ake gani sau ɗaya, taya kuwa kullum ita ke taɓa ƙasa.

Na kira ƙanena a Yawunde, na tura masa hoton lambar ta WhatsApp, na ce 32-622 nake so, mai kauri, mai shimfiɗar kariya daga ƙaya a ciki in akwai. Kafin nan mun auna: birkin Mafac ne irin mai jan waya ta tsakiya, yana da sarari sosai, kuma tsakanin ƙarafan baya 32 za ta wuce da ragowar wuri. Wannan sararin shi ne abin da Triban ya rasa.

Litinin, 2 ga Disamba

Kafin saƙo ya iso Baba ya lallaɓa tsofaffin tayoyin da sababbin tiyub, 2,000 kowanne. Yau na fara zuwa shago da shi. Ko a haka ya fi Phoenix sauri nesa ba kusa ba. A kwalta daɗi, a rairayin bakin layinmu kuwa tayar tana nutsewa, dole in sauka in tura.

Alhamis, 5 ga Disamba

Faci. Na ratsa ta gefen wani fili don in rage hanya, tsidau ya yi mini maraba. Da na tsaya na ga 'ya'yansa sun manne a tayar gaba, ina cire ɗaya na ji tsiii.

Mai facin da na samu a bakin titi ya yi aikinsa tsaf, sai wajen ba da iska abu ya gagara. Bawul ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, Presta, famfonsa kuma na babur ne da na kekunan gida. Ya naɗa tsumma, ya danna, iska tana fita ta gefe. Da ƙyar aka sami wadda za ta kai ni shago. Ban kai ba. Na faɗa wani rami a kwalta, tayar mai ƙarancin iska ta matse tiyub a jikin rim, ya huje wuri biyu gefe da gefe. Na ƙarasa a ƙafa, na buɗe shago a makare.

Na ce wa Baba ko a faɗaɗa ramin rim daga milimita 6.5 zuwa 8.5 yadda bawul irin na mota zai shiga. Ya ƙi, ya ce rim ɗin siriri ne, ba zai rage masa nama ba. Ya samo mini ɗan ƙaramin ƙarfe na tagulla da ake ɗaurawa a kan Presta ya karɓi kowane famfo, 500. Yanzu a jikin makullina yake.

Talata, 10 ga Disamba

Saƙo shiru. Ƙanena ya ce tun Asabar ya ba motar.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ashe kayan sun daɗe da isowa, suna jibge a ɗakin ajiya na tasha. Wanda ya rubuta takardar ya juya lambobi biyu a lambar wayata, suna ta kiran wani bawan Allah. Sai da na je da hoton rasit na shiga ɗakin da kaina na hango su an naɗe da kwali. Taya biyu 18,000, kuɗin mota 2,000, ƙaramin famfon ƙafa mai agogo 6,000, tiyub ɗaya na ajiya 2,000. Na tura masa kuɗinsa ta waya.

Asabar, 14 ga Disamba

An sa tayoyin. Keken ya zama wani abu dabam. Siririyar taya sai an cika ta bar 7 ko fiye a agogon famfo kafin ta tsira daga ramuka, kuma kowane tsakuwa sai ka ji shi a haƙori. Wannan bar 4 a gaba, 4 da rabi a baya ya ishe ni. A burji ba ya tsalle, a rairayi mara zurfi yana wucewa in na sa giya mai sauƙi na bar kan ya bi hanyarsa. Ban ga saurin da na rasa a kwalta ba. Sikeli ya ƙaru da kusan rabin kilo.

Asabar, 21 ga Disamba

Mako lafiya. Hunturu ya sauka, da safe sai da rigar sanyi.

Juma'a, 27 ga Disamba

Abin da Phoenix ya fi shi: murfin sarƙa. Na hau zuwa masallaci da doguwar riga, bakin wando ya shiga tsakanin sarƙa da haƙora, ya fito da baƙin zane da 'yar yaga. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, kuɗin da keken nan ke ragewa a wajen sabulu zai fita." Yanzu ina ɗaure ƙafar wando ta dama da robar tsohon tiyub, rigar kuma in tattare ta a cinya. Ranar Juma'a dai ƙafa ta fi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kariya, wato wurin ɗora kaya a bayan keke. Jakar baya tana jiƙa mini riga da gumi ko a wannan sanyin, ina ga watan Afrilu. Bodin yana da ƙananan ramukan noti kusa da gindin ƙafar baya, abin da yawancin kekunan tsere na zamani ba su da shi. Kariyar kasuwa ta kekunan gida ce, ta yi faɗi kuma nauyinta ya kusa kilo biyu. Mai walda ya ƙera mini wata da siririn rodi, na tsaya a kansa don kada ya kai wuta jikin keken. 4,000. Kwaɗo da sarƙar ɗaurewa 3,500, fitilar gaba da ta baya masu caji 3,000. Da kariya da komai sikeli ya ce 13 da rabi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ƙura ta cinye sarƙa. Baƙin man da yaron Baba ya zuba mata ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kwaɓi mai gurzar haƙora, ana jin ƙarar daga nesa. Na cire ta na jiƙa a kananzir, na shanya, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan na goge bayanta da tsumma har ta bushe. Mai a cikin gaɓa yake aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Zan riƙa yin haka duk Lahadi har iska ta kwanta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na gwada shi a doguwar hanya, zuwa kasuwar Pitowa, kimanin kilomita 15 a kan titin Marwa. Na fita bayan asuba, duwatsun Tingilin suna cikin hazo. Keken bai ba ni matsala ba, manyan motoci ne abin tsoro, musamman masu ɗaukar auduga yanzu da kakarta ta kama. In na ji ɗaya a baya sai in sauka gefen burji, abin da da siririyar taya ba zan iya ba. Na dawo da albasa da busasshen kifi a kariya. Wuya da tafin hannu sun yi tsami.

A hanyar dawowa sifok ɗaya na baya ya tsinke, ɓangaren giya. Da yake 36 ne, ƙafar ta ɗan karkace kawai, na sassauta birki na iso gida. Masu sifok 20 ko 24 in ɗaya ya tafi, sau da yawa ƙafar ba ta juyawa.

Litinin, 20 ga Janairu

Sai an cire giyar baya kafin sifok ya shiga, makullinta kuma irin na da ne. Gwangwanin Baba ya sake fitar da mu. Sifok da ɗaurin ƙafa 1,000. Ya ce haƙoran giyar sun fara kaifi, kuma kafin a sayo wata sai an duba ko ita ma zaren Faransa gare ta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun ranar matasa, shago a rufe, na zauna na tara rasit. Keke 50,000. Taya da kuɗin mota 20,000. Tiyub 6,000, famfo 6,000, ƙarfen bawul 500. Sarƙa, birki da feda 9,000. Aikin Baba da sifok 6,000. Kariya, kwaɗo da fitilu 10,500. Faci 500. Jimla 108,500, na haura abin da na ware da 8,500. In aka ci gaba a haka, wajen watan Yuli zai gama biyan kansa daga kuɗin kilando. Tun da aka sa tayoyin 32 ban sake faci ba, amma kuma ban sake bi ta filin tsidau ba.

Abin da ke gaba. Azumi zai kama a farkon Maris, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, don haka zan riƙa fita da sassafe, in rana ta yi tsanani in bar keken a shago in hau babur, ba gardama. Kafin ruwan Mayu ina son madigadi gaba da baya. Da taya 32 sararin da ya rage a ƙarƙashin birkin gaba kaɗan ne, Baba ya ce zai gwada yanka na roba ya ga ko zai zauna, in ya ƙi a koma taya mai faɗin milimita 28 a gaba kawai. Ƙanena zai zo hutun sallah, na ce ya riƙo taya ɗaya ta ajiya da hular kwano. Giyar baya kuma ranar Asabar za mu kwance ta a auna zaren, sannan in san abin da zan ce ya nemo.